Mashigar da Na Buɗe a Rauta, da Wadda Ba Ta Hannuna

Da na haɗa kyamarorin tsaro a gidana, burina shi ne in riƙa ganin ƙofar gida da tsakar gida ta wayata ko da ina kan hanya, ba tare da hotunan iyalina sun bi ta saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet, ta wani kamfani a ƙasar waje ba. A layin intanet da nake amfani da shi a lokacin, wanda aka ja mini da kebul har cikin ɗaki, matsala ɗaya ce ta tare ni: kamfanin da ya ba ni layin ya toshe mashiga mai lamba 80 (mashigai su ne ƙofofi masu lamba da bayanai ke bi su isa na'ura), wadda na'urar naɗar hotunan ke nuna shafinta ta cikinta. Kamfanoni da dama suna yi wa layukan gida haka, kamar yadda suke toshe ta 25 domin hana watsa saƙonnin imel na banza. Na shiga saitin rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, sashen da aka rubuta wa Port Forwarding, na umarce ta da ta miƙa duk wanda ya zo daga waje ta mashiga ta 8080 zuwa ga 192.168.1.50, adireshin na'urar naɗar hotunan a cikin gida, a mashiga ta 80, na ƙara ta 554 wadda bidiyo ke bi, sannan na ɗaure wa na'urar wannan adireshi domin kada ya sauya idan an ɗauke wuta an kawo. Mashigai sun haura dubu 65, kamfanin kuwa 'yan kaɗan ya rufe, saboda haka kafin la'asar ta yi ina kallon gidana daga kasuwa.

Wannan sauƙin ne ya sa abin da ya biyo baya ya yi mini ciwo. Mun tashi zuwa sabuwar unguwa inda kebul bai kai ba, na sayi rauta mai aiki da sim ta 4G, na kwafe saitin nan ba tare da na bar ko lamba ɗaya ba, amma daga waje shiru. A cikin gida komai lafiya lau, hoto tas. Da zarar na kashe wayfai na koma kan datar waya sai burauza ta yi ta juyawa har ta gaji. Na sauya 8080 zuwa 8443, na gwada manyan lambobi irin su 50000, duk ba labari. Na je wurin mai shagon da ya sayar mini da kyamarorin, ya saurare ni ya ce, "Alhaji, wannan rautar taka ƙarama ce, ba ta iya wannan aikin." Na sayi babba mai eriya huɗu a kan kuɗin da har yau nake jin zafinsu, na sake shigar da komai, sakamako bai canza ba.

Amsar tana shafin farko na rautar tun ranar da na kunna ta. A layin da ke nuna adireshin da kamfani ya ba ni, lambar ta fara ne da 100.72, alhali shafukan da ke gaya wa mutum adireshinsa na intanet suna nuna mini wata lamba dabam da ba ta da alaƙa da ita. Duk adireshin da ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 an ware shi ne tun 2012 domin tsarin da ake kira CGNAT, inda kamfani ke tara masu layi da yawa a bayan adireshin waje guda ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: adiresoshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet, kimanin biliyan 4.3 ne kacal, babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare tun watan Fabrairu na 2011, kuma kamfanonin layukan waya suna da miliyoyin masu hulɗa. Halin da nake ciki ya yi daidai da na ɗan haya a babban gida: ina iya buɗe ƙofar ɗakina yadda na ga dama, amma makullin zaure yana hannun mai gida, baƙona kuma ba zai wuce zauren ba. Toshe mashiga ɗaya abu ne da ake kewayewa da sauya lamba. A nan kuwa babu wata mashiga da ke tawa a adireshin waje, don haka ko rauta nawa na saya, buƙatar da ta taso daga waje ba za ta taɓa iso ta ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu inda aka rubuta wannan, ba a jikin kwali ba, ba a takardar da ta zo da sim ba. Da na kira sashen kula da masu hulɗa, amsar farko ita ce, "Yallaɓai, ka kashe rautar ka sake kunnawa." Sai da aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan kafin na samu ma'aikacin da ya fahimci tambayata, ya tabbatar mini cewa adireshin waje na kai ɗaya sai a tsarin 'yan kasuwa, da ƙarin kuɗi duk wata. Da an faɗa mini wannan jumla guda tun farko, da kuɗin rauta ta biyu suna aljihuna. Haka kuma rajistar da na yi a ɗaya daga cikin hidimomin DDNS, masu ba mutum suna tsayayye da ke bin adireshinsa ko da ya sauya, ba ta amfana mini komai ba, domin sunan da suka ba ni yana nuni ne ga adireshin da nake tarayya da mutanen da ban sani ba.

Mafita ta zo ne daga lura da cewa CGNAT na hana shigowa ne, ba ta hana fita. Na karɓi hayar ƙaramar saba a intanet mai adireshinta na kanta, na ajiye ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi kusa da na'urar naɗar hotuna, na haɗa sabar da kwamfutar da WireGuard, manhajar VPN da ke buɗe ɓoyayyiyar hanya tsakanin na'urori, ta mashigar UDP mai lamba 51820. Kwamfutar gida ce ke fara neman sabar, hanya ta buɗe daga ciki, wayata kuma ta shiga sabar ta biyo wannan hanyar har gida. Akwai layi ɗaya a saitin da bai kamata a manta da shi ba, wato PersistentKeepalive, wanda aka saba sa masa daƙiƙa 25. Idan babu shi, na'urorin kamfani suna rufe hanyar da zarar ta ɗan yi shiru, mutum ya ga abu ya yi aiki da safe ya mutu da rana, ya rasa dalili. Na kuma sa kwamfutar da rautar a kan ƙaramin batiri, saboda hanyar na yankewa duk lokacin da wuta ta ɗauke.

Sabar ta nuna mini wani abu da ya tayar mini da hankali game da tsohon tsarina. Tun a ranar farko kundin bayananta ya cika da yunƙurin shiga ta mashiga ta 22, wadda ake sarrafa saba daga nesa ta cikinta, daga adiresoshin da ban sani ba, ana gwada suna irin su root da admin ba dare ba rana. Na'urori ne ke zagaya intanet suna ƙwanƙwasa kowace mashiga, kuma sauya 80 zuwa 8080 ba ya ɓoye kowa daga gare su. A 2016 manhajar ɓarna mai suna Mirai ta kama kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya durƙusar da manyan shafuka a Amurka a watan Oktoba na shekarar. Saboda haka ko da wani yana da adireshin waje kuma miƙa mashiga tana yi masa aiki, ba na ba shi shawarar ya fito da shafin kyamararsa fili. Ya buɗe mashiga ɗaya tak ta VPN, ya rufe sauran, ya kashe UPnP da ke bai wa na'urori damar buɗe mashigai da kansu, ya kuma sauya kalmar sirrin masana'anta.

Duk wanda ya zo mini da irin wannan koke yanzu, ba na barinsa ya taɓa saiti ko ya kashe kobo sai ya kwatanta lambobi biyu: wadda rautarsa ta nuna a matsayin adireshin da kamfani ya ba shi, da wadda shafin duba adireshi ya nuna. Idan sun zo ɗaya, sauya mashiga zai wadatar. Idan sun bambanta, musamman idan ta rautar ta faɗa cikin zangon 100.64 ko ta fara da 10, to ya nemi adireshin waje daga kamfani ko ya bi ta saba kamar yadda na yi. Ni dai ina biyan hayar saba duk wata a kan abin da a tsohon gidana na samu kyauta, kuma zan ci gaba da biya har ranar da layina ya fara ba da IPv6, sabon tsarin adireshi, inda kowace na'ura ke iya samun adireshinta na kanta.