Mun kai Auta Legoland, shi jirgin ƙasa kawai ya gani

Hutun Disamba da ya wuce muka je Dubai ni da Abbansu da yaran biyu, babbar shekararta 8, Auta kuma 3 da ƴan watanni. Tun muna gida nake nuna musu bidiyon Legoland, wajen wasan yara na kamfanin LEGO mai ƴan bulon roba da yara ke haɗawa, a waya har babbar ta haddace sunan lilunan. Ni kuma a raina na gama tsarawa, tunda kuɗin tikitin nan ba wasa ba ne to sai mun zaga lungu da saƙo, kowa ya hau komai, kuɗinmu ya fita. Wlh wannan lissafin nawa shi ya so ya ɓata mana ranar.

Wajen yana can hanyar Abu Dhabi ne ta wajen Jebel Ali, a 2016 aka buɗe shi, kuma an gina shi ne dan yara ƴan shekara 2 zuwa 12. Da naji haka sai na ɗauka ai komai na ciki Auta zai hau. Ashe ba shekaru kaɗai ake dubawa ba, tsawo ma ana aunawa, manyan lilunan da ma'auni a bakin layi. Muka nufi Dragon, irin jirgin nan mai hawa sama ya gangaro da gudu, yayarsa ta wuce, shi aka tsayar da shi jikin ma'aunin, yaron nan har ɗage yake yi yana miƙa wuya dan ya kai, bai kai ba. Ma'aikaciyar ta durƙusa tana lallashinsa amma ina, kuka ya ɓarke da shi. A lokacin raina ya sosu, amma da na nutsu na ga gaskiyarsu, ƙarfen da ake saukewa ya danne cinya an yi shi ne daidai wani girman jiki, yaron da bai kai ba zai iya zamewa ta ƙasa in jirgin ya karkata. Da na auna shi tun a gida da takalmi a ƙafarsa na duba tsawon da kowane lilo ke buƙata a shafinsu, da ko layin ba zan bari ya shiga ba balle ya sa rai.

Nan Abbansu yace mu rabu kawai, shi ya tafi da babbar ni in kai Auta DUPLO Valley, ɓangaren ƙananan kenan. DUPLO ɗin su ne bulon LEGO manya, ninki biyu na wanda aka saba gani, yadda yaro ba zai iya haɗiyewa ba. Da na shiga gaskiya sai naji jikina yayi sanyi, komai ƙarami, komai a hankali, babu ihu babu gudu, nace a raina yanzu wannan muka biyo tun daga Kano? Akwai wani ɗan jirgin ƙasa da ke zagayawa kamar tafiyar hawainiya. Auta na ganinsa ya share hawaye. Muka hau, muka sauka, yace a sake. Muka sake. A zagaye na uku ya riƙe gefen kujera da hannu bibbiyu ya juyo yace Mama ni ne direba, yana ɗaga wa mutanen da ke tsaye hannu ɗaya bayan ɗaya, fuskar nan kamar an ba shi duniya. Ni kuma ina ta duba agogo ina cewa Auta zo muje ka ga wani abin, sai naji kunyar kaina, dan me nake son cire shi daga inda yake jin daɗi in kai shi inda ni nake ganin ya fi? Sau 5 muka hau jirgin nan. Yaro ɗan wannan shekarun maimaici shi ne daɗinsa, ya san abin da zai biyo baya, ya san kwanar da ke zuwa, ba abin da zai razana shi, shi ya sa suka yi wajen a haka, ba rowa suka yi ba.

Daga nan muka je wajen koyon tuƙi na ƴan shekara 3 zuwa 5, ƴar mota mai batir shi kaɗai a ciki, iyaye na waje suna kallo. Ya fi bugun gefen titi a kan tafiya amma bai yarda kowa ya taɓa masa sitiyari ba. Abin da ban zata ba shi ne mutum-mutumin nan da mutum ke shiga ciki yana yawo ana ɗaukar hoto da shi, na ɗauka zai yi murna, yana hango shi ya ƙanƙame ƙafata ya cusa kai cikin hijabina. Ban matsa masa ba, hoton da za a ɗauka yaro na karkarwa ba ni da buƙatarsa.

Bayan azahar barci ya fara ɗibarsa, ga rigima ba dalili. Allah Ya taimake ni na zo da keken turawa duk da Abbansu yace ai yana tafiya da ƙafarsa, wajen da faɗi fa, ƙafar ɗan shekara 3 ba za ta ɗauka ba. Na tura shi cikin Miniland, a rufe yake da AC, nan aka gina Burj Khalifa da bulon LEGO tsawon mita 17, ga masallacin Sheikh Zayed ga Taj Mahal. Lokacin mun sake haɗuwa da su Abbansu, ni da babbar muka sha kallo, shi ko yana ta sharar barci, ko ɗaya bai gani ba. Kayan canji da ruwa da ɗan biskit a jaka sun min rana sosai, lambar wayata kuma na rubuta a takarda na sa masa a aljihu tun da safe saboda cinkoso.

Ko rabin wajen bamu zaga da shi ba. Da muka dawo gida Hajiya ta ɗora shi a cinya tace to maigidana me ka gano mana a Dubai, yace jirgin ƙasa Hajiya, ni na tuƙa.