"Amma ai a wajena yana buɗewa"

Ƙarfe shida da 'yan mintuna na safiyar wata Litinin, a tsakiyar hunturun farkon 2023, wayata ta yi ƙara. Ko shayi ban kai ga sha ba. Wani malami ne daga kwalejin da nake kula musu da shafin karatu na intanet.

"Injiniya, an tashi lafiya? Shafin nan naku fa ya yi fari fat. Babu rubutu, babu komai. Kuma ƙarfe goma yara suna da gwaji."

Na ce masa, "Dakta, bari in duba." A raina kuwa na riga na yanke hukunci cewa datarsa ce ta ƙare. Na buɗe kwamfuta, na shiga adireshin, sai ga farin allo kamar an share shi da tsumma. Wannan karon dai laifin ba na Dakta ba ne.

Manhajar da muke amfani da ita Moodle ce, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fara fitarwa a 2002. Kyauta ce, shi ya sa makarantu da yawa irin tamu suke rungumarta. Amma ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Da harshen PHP aka rubuta ta, tana ajiye sunaye da maki a rumbun bayanai, tana zaune a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe shafi, ta wani kamfani da muke biya duk shekara, sannan ɗalibi yana leƙa ta da burauzar da ke wayarsa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da sigarsa da ranar tsufansa, kuma babu wanda yake jiran wani.

Mu a lokacin muna kan siga ta 3.9, wadda ta fito a watan Yunin 2020, kuma ba ta wuce PHP 7.4 ba. Shi kuwa PHP 7.4 masu shi sun daina kula da shi tun ƙarshen Nuwamban 2022. Ban haɗa waɗannan biyun a kaina ba sai da na shiga config.php, fayil ɗin saitunan Moodle, na kunna nuna kurakurai. Farin allon ya koma jerin ƙorafi da Turanci, kuma a cikin ƙorafin na gane cewa sabar tana gudu ne da PHP 8. Kamfanin da ke riƙe mana shafin ya ɗaga kowa da kowa a daren Lahadi. Da na kira su da faɗa, cikin sanyin murya aka ce mini sun aiko da sanarwa har sau biyu. Gaskiya suka faɗa. Sanarwar ta tafi akwatin imel na wanda ya riƙe aikin kafin ni, mutumin da ya bar kwalejin tun shekara biyu baya.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Na shiga cPanel, shafin da ake sarrafa saba da shi, na mayar da PHP zuwa 7.4, na goge ma'ajiyar wucin gadi ta Moodle, shafi ya dawo. Dakta ya yi ta sa albarka, ni kuma na amsa kamar wanda ya yi wani abin kirki. Na san dai rance na ciwo, domin an gaya mini 7.4 ɗin ma ba zai daɗe a kan sabar ba.

Da hutu ya zo na yi aikin da ya kamata. Na kwafi abubuwa uku, wato manhajar kanta, rumbun bayanai da jakar moodledata mai ɗauke da fayilolin da aka ɗora, na kafa shafi na biyu a gefe, na gwada hawa zuwa 4.1 a can kafin in taɓa na gaske. Gara da na yi haka. Rigar da aka saya wa shafin, mai launin tambarin kwaleji, ba ta san da zaman siga ta 4 ba, sai da na cire ta na koma Boost da ke zuwa tare da manhajar. Wani ƙarin manhaja na ɗaukar sunan masu halarta ya buƙaci sabuwar siga. Shafin binciken saba kuma ya ƙi barina in wuce sai na ɗaga wani saitin PHP mai suna max_input_vars daga 1000 zuwa 5000. Ina cikin tone-tone na ci karo da wasu darussa da aka saya da tsada shekarun baya, duk da Flash aka gina su, wata manhajar kamfanin Adobe ta kunna bidiyo da zane mai motsi. Adobe ya daina kula da Flash ranar 31 ga Disamban 2020, ya toshe shi gaba ɗaya ranar 12 ga Janairun 2021. Ke nan darussan sun fi shekara biyu a mace, kuma ko mutum ɗaya bai zo ya yi cigiyarsu ba. Wannan ban kai wa shugaban kwaleji rahotonsa ba sai da ya tambaya.

Irin wannan matsalar, duk da tashin hankalinta, ita ce mai sauƙi. Ta faɗa wa kowa lokaci guda, ni ma na gan ta da idona. Wadda ta wahalar da ni ita ce wadda ba ta taɓa faruwa a kwamfutata ba.

Bayan an dawo hutu aka yi gwaji mai tambaya 40 a minti 30. Washegari wata ɗaliba ta zo ofis, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce ta amsa tambayoyi duka, amma sakamako ya nuna sifili. Na duba bayanan shigarta: ta fara gwajin, lokaci ya ƙare, babu amsa ko ɗaya da ta iso. Na shiga da asusun gwaji a gabanta, na amsa, na tura, komai ya tafi daidai. Sai na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta: "To ai kin gani, a wajena yana aiki."

Ta yi shiru. Can ta ce, "Malam, ni dai wallahi na yi."

Ta tafi. A cikin mako guda mutum shida suka zo da zance iri ɗaya, kuma malamin darasin ya fara cewa dabara ce ta waɗanda ba su yi karatu ba. Ni ma na fara karkata can. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗaya daga cikinsu yaro ne da kowa ya san ba ya faɗuwa. Na aika aka kira ɗalibar farko, na ce ta zo da wayar da ta yi gwajin da ita.

Ƙaramar Tecno ce, gilashin ya tsage ta kusurwa, an ɗaure murfin baya da roba. Na buɗe mata gwajin gwaji na minti biyar, na ce, "Ƙanwata, yi yadda kika saba, ni kallo kawai zan yi." Ta danna jan tambarin burauzar Opera Mini. Shafi ya buɗe, tambayoyi suka fito tsaf. Agogon da ya kamata ya riƙa ƙirga lokaci a gefe kuwa ya ƙame, ko motsi ba ya yi. Na tambaye ta ko haka yake ranar gwaji. Ta ce ita ba ta ma san yana tafiya ba, agogon bango take kallo.

A nan na gane. Opera Mini, idan an sa shi a matakin tsimin data mafi tsanani, ba ya kawo shafi kai tsaye. Sabar kamfanin ce take buɗe shafin, ta matse shi, ta aiko wa waya da sauƙaƙƙen kwafi. Don karanta labarai wannan alheri ne, musamman ga wanda datar naira ɗari ce za ta kai shi kwana biyu. Amma agogon gwajin Moodle da ajiye amsoshi da yake yi lokaci-lokaci a ɓoye duk da JavaScript, harshen da burauza ke gudanarwa, suke aiki a cikin wayar, kuma a wannan yanayin ba sa gudu yadda ya kamata. Ƙari a kan haka, malamin ya zuba tambayoyi 40 a shafi ɗaya, da kyakkyawar niyya, don kada yara su yi ta jiran shafi ya buɗe sau arba'in da raunin sabis. Sakamakon haka babu abin da ya isa saba har sai an danna turawa. Ita kuma ta danna bayan lokaci ya wuce da kaɗan, saba ta riga ta rufe ƙofa.

Na ba ta haƙuri, na je na sami malamin da wayar a hannuna na nuna masa agogon da ya ƙame. Aka sake wa mutum shidan gwaji. Muka koma raba tambayoyi biyar-biyar a shafi, domin duk lokacin da ɗalibi ya danna na gaba, amsoshinsa sun shiga ke nan ko wace irin burauza yake riƙe da ita. Muka kuma rubuta a saman kowane gwaji cewa a yi amfani da Chrome ko Firefox ko manhajar Moodle ta waya. Ba kowa ke karantawa ba, amma raba shafukan ya rage asarar ko an yi kunnen ƙashi.

Sai maganar haruffanmu masu lanƙwasa, wadda ita ce ta fi cin raina domin tamu ce ta gida. Ofishin rajista kan turo mini sunayen sababbin ɗalibai a Excel, in mayar da shi CSV, wato fayil na zallar rubutu, in ɗora. Wani zango na ɗora mutum ɗari uku da wani abu, sai ga Ɗanladi ya zama ?anladi, Ƙasimu ya zama ?asimu. Idan ka adana fayil da CSV na gama-gari, Excel yana amfani da tsohon tsarin haruffan Windows, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsa, sai ya dasa alamar tambaya a gurbinsu. Kuma idan ya dasa ya dasa, harafin ba ya dawowa. Dole ka zaɓi CSV UTF-8, tsarin da ya san haruffanmu, tun wajen adanawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan ka sauke maki daga Moodle ka danna fayil ɗin sau biyu, kana iya ganin ƙ ta koma Æ™. Wannan karon bayanan lafiyarsu ƙalau, Excel ne ya karanta su da gurguwar fahimta, sai ka shigo da fayil ɗin ta hanyar Data ka gaya masa UTF-8 ne. A wannan zangon dai na gano ya cinye sifilin farko na lambobin waya duka, 080 ta koma 80.

Rigima ta gaske a darasin Hausa ta tashi. Malamin, dattijo ne mai tsananin kula da ƙa'idar rubutu, ya sa tambaya mai gajeriyar amsa: mene ne jam'in ɗa? Fiye da rabin aji suka faɗi. Ya zo ofis ransa a ɓace, yana cewa ko dai injin ya haukace ko yaran. Muka buɗe amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu 'ya'ya suka rubuta, daidai. Sai da na ƙara girman rubutun sosai muka ga bambancin. Shi a Word ya rubuta amsarsa ya kwafo, Word kuma ya lanƙwasa masa alamar ɗaurin nan ta sama. Wayoyin yara miƙaƙƙiya suke sakawa. A ido abu ɗaya ne, a wajen kwamfuta haruffa biyu ne mabambanta. Wani yaro da ya yi firamare a Maraɗi kuma ya rubuta ƴaƴa, yadda ake rubutawa a Nijar, shi ma injin ya kayar da shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ana iya saka amsa fiye da ɗaya, sai a sake maki." Muka saka mai lanƙwasa, muka saka miƙaƙƙiya, muka saka ta Nijar. Da na kawo shawarar a karɓi "yaya" ma, tunda wasu wayoyinsu ba su da sauƙin saka alamar, sai ya kalle ni ta saman tabarau.

"Injiniya, yaya daban, 'ya'ya daban. Gobe kuma ka ce in karɓi baki a madadin baƙi?"

Ban sake magana ba, domin shi ke da gaskiya. Ni ina neman abin da zai sa injin ya daina ƙorafi, shi kuma yana koyar da rubutu. Maganin da muka yi shi ne a darasin farko na zango ya ba ni minti goma, na nuna wa ɗalibai yadda ake ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard don su sami ɓ, ɗ, ƙ a wayoyinsu. Shi ma na saka masa a tasa, kuma tun daga ranar saƙonninsa na WhatsApp suke zuwa da kowace lanƙwasa a mazauninta.

Akwai ƙananan da ba su kai a daɗe a kansu ba. An taɓa buɗe gwaji ƙarfe goma sha ɗaya maimakon goma, saboda an bar agogon shafin a UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, sai da na mayar da shi Africa/Lagos. An taɓa yin mako ana cewa aikin gida ba ya ɗoruwa, ashe iyakar girman fayil a PHP ce ta koma megabait 2 bayan wani gyara, hoton waya ɗaya kuwa ya fi haka.

Yanzu idan mutum ya zo da ƙorafi, kafin in taɓa kwamfutata nakan tambaye shi da wace waya, da wace burauza, ƙarfe nawa, sannan in ce ya maimaita a gabana. Imel ɗin kamfanin saba na mayar da shi adireshin ofis da mutum uku ke gani. Na kuma je kasuwar waya ta Farm Centre na sayi tsohuwar Tecno ta hannu, mai ƙaramin ƙwaƙwalwa, na saka mata Opera Mini da layin da sabis ɗinsa ya fi rauni a harabar kwaleji. Tana cikin aljihun teburina tare da cajarta. Duk gwajin da za a buɗe wa ɗalibai, sai na fara amsa shi a kanta tukuna, ina tsaye a bayan ɗakin karatu inda sandar sabis ɗaya ce take kamawa.