Wanda bai san sunan matsalarsa ba, me zai rubuta a Google?

Akwai wata amsa da take ɓata mini rai duk sanda na gan ta a zaurukan masu koyon firogiramin, wato mutum ya zo da tambayarsa a ce masa "je ka duba Google" ko "an sha amsa wannan", shi ke nan kowa ya kama gabansa. Wani ma ba zai tsaya nan ba sai ya ƙara da cewa in ba za ka iya wannan ba to ka nemi wata sana'ar.

Ɗauki wanda ya saka Python, ɗaya daga cikin harsunan firogiramin, a kwamfutarsa mai Windows yau ɗin nan, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya rubuta python ya danna Enter, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Duk wanda ya kwana biyu a harkar ya san yawanci maganar PATH ce, wato jerin wuraren da kwamfuta take dubawa ta nemo manhajar da ka kira, akwai wani ɗan akwati a shafin farko na sakawa da ya kamata a yi masa alama kuma mutane da yawa suna tsallake shi, gyaran ba ya cin minti biyu. Amma shi wannan bawan Allah bai taɓa jin wani abu wai shi PATH ba, abin da ya sani kawai shi ne abu ya ƙi aiki, to abin da zai rubuta ke nan, "Python ɗina ya ƙi aiki, a taimaka". Ku gaya mini don Allah me zai nema a Google? Sai ka san sunan ciwo kake neman maganinsa, shi kuma sunan ne ya zo tambaya ba tare da ya san abin da yake tambaya ke nan ba.

Ba wai ban san halin da ƙwararrun suke ciki ba fa. Yawancinsu ba biyansu ake yi ba, mutum ya tashi daga aiki a gajiye ya zauna yana amsa tambayoyin mutanen da bai taɓa gani ba, kuma tambaya ɗaya ce take ta dawowa kullum da sabuwar fuska, wani ya ɗauki allon kwamfuta da waya hoton duk ya yi dishi-dishi ba a ganin saƙon kuskuren, wani ya kwafo aikin da aka ba shi a makaranta sukutum ya ce a yi masa kafin gobe, wani a amsa masa ko na gode babu. Wannan yana gajiyar da mutum, wallahi yana gajiyarwa, kuma tsohon rikici ne, tun 1993 da sababbin mutane suka fara kwararowa cikin Usenet, wani tsohon dandalin tattaunawa na intanet, tsofaffin ciki suke wannan kukan.

Inda na rabu da su shi ne, wanda ya gaji yana da hanya mai sauƙi, ya wuce tambayar kawai, ba wanda zai kama shi. Lokacin da ya ɓata yana rubuta baƙar magana ya isa ya rubuta "matsalar PATH ce, nemi yadda ake gyara ta a Windows", layi ɗaya, kuma ya ba yaron abin da zai nema da kansa.

Su kansu masu Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu firogiramin wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, sun fito a 2018 sun yarda cewa dandalin nasu ba ya karɓar sababbin zuwa hannu biyu, har suka kawo sabbin ƙa'idojin mu'amala a shekarar. A wannan shekarar ce kuma Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ya nemi afuwa kan yadda yake yi wa masu aiki da shi magana ya ɗan ja da baya na wani lokaci. In mutane irin waɗannan sun ga akwai gyara, ban ga dalilin da wani zai ce zafin baki shi ne alamar ƙwarewa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne tambayar nan ta yadda ake fita daga Vim, wata manhajar rubutu da masu firogiramin suke amfani da ita. Wani ne ya yi ta a Stack Overflow a 2012, ya shiga manhajar ya rasa hanyar fita, irin tambayar da wasu za su yi wa dariya, amsarta kuwa ka danna Esc ka rubuta :q ka danna Enter. Zuwa 2017 an duba wannan tambaya fiye da sau miliyan ɗaya. Wato wanda ya daure ya amsa ta ba mutum ɗaya ya taimaka ba, duk masu jin kunyar tambaya da suka zo daga baya sun amfana, kuma su ne suka fi yawa, ba ka ganinsu don ba sa magana, karatu kawai suke yi, kuma suna kallon yadda aka yi wa wanda ya yi ƙarfin halin tambaya.

Ɗan'uwa sabon shiga, kai ma akwai naka. Kwafo saƙon kuskuren gaba ɗaya a rubuce ba hoto ba, faɗi abin da kake so ka yi da abin da ka gwada, faɗi wace kwamfuta ce da wane zubi na manhajar. In kuma ka gano bakin zaren da kanka kar ka rubuta "na gyara" ka ɓace, rubuta yadda ka yi, akwai wanda zai faɗo kan tambayarka bayan shekara uku da irin matsalarka.

Tun da ChatGPT ya fito ƙarshen 2022 da yawa daga cikin masu koyo sun koma can da tambayoyinsu, kuma ban ga laifinsu ba, ba zai ce maka an sha amsa wannan ba ko sau nawa ka maimaita. Damuwata ita ce amsar da ya ba ka kai kaɗai ka gan ta, in da kuskure a ciki ba wani ƙwararre da zai wuce ya gyara, in kuma daidai ce ba ta zauna a inda na bayanka zai same ta ba.