Yadda ake saita JNDI wajen gwada manhajar Java ba tare da uwar garke ba

Ƙannena masu koyon Java a Sakkwato, ko kuna Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, ko a gida kuke koyo da bidiyo da 'yar data, akwai saƙon kuskuren da zai tare ku ranar da kuka fara rubuta gwaji wa manhajar kamfani. Kod ɗinku yana tafiya lafiya lau a cikin uwar garke irin Tomcat ko WildFly, amma da kun kunna shi da JUnit, kayan aikin gwada kod, sai ya faɗi da NoInitialContextException, yana neman a ba shi java.naming.factory.initial. Abin da ke biye ya fito ne daga wuraren da suka fi cin mana lokaci a wannan aiki, don kada su ci naku.

JNDI hanya ce da Java ke neman abu da suna. Kamfanin Sun ne ya fitar da ita a 1997. Aikinta irin na mai unguwa ne: ka ambaci suna, ya nuna maka gida. Manhaja ta ce java:comp/env/jdbc/albasa, sai a miƙo mata DataSource, wato abin da ke ba ta haɗi da rumbun bayanai, ba ruwanta da adireshin rumbun bayanai ko kalmar sirri. To amma ita JNDI ba ta riƙe komai da kanta, ƙa'ida ce kawai. Uwar garke ce ke kawo ainihin rijistar sunayen ta cika ta. A cikin JUnit babu uwar garke, saboda haka babu wanda za a tambaya. Ku lura kuma, idan ba a saita komai ba, layin new InitialContext() yana wucewa shiru, sai an zo lookup sannan kuskuren ya fito. Kada ku ɓata lokaci kuna zargin sunan da kuka rubuta, matsalar ta riga shi.

Babbar shawarata ita ce ku cire neman suna daga cikin kod ɗin da ke yin ainihin aiki. A ce kuna rubuta wa dillalan albasa manhajar lissafin buhuna da bashin da ake bin kowane mai saye. Ajin da ke wannan lissafi ba shi da dalilin kiran InitialContext. Ku sa ya karɓi DataSource ta magininsa, wato new LissafinBuhu(ds), sannan wani ɗan ƙaramin aji daban, layi biyar ko shida, ya yi lookup ya miƙa masa. Da kun yi haka, gwajin lissafi ya rabu da JNDI gaba ɗaya. Tun Java EE 5 a 2006 akwai @Resource da @EJB da ke sa uwar garke ta zuba abin da kanta, amma ku sani JUnit ba ya karanta waɗannan alamomi: wurin zai zauna null, ku sha NullPointerException. Don haka ko da kuna amfani da su, ku bar ƙofar da gwaji zai shigar da nasa.

Sai dai sau da yawa tsohon kod za a damƙa muku, lookup a warwatse ko'ina, kuma ba a ba ku izinin taɓa shi ba. Nan ne sai an kafa rijistar wucin gadi.

Kafin komai ku san inda Java ke duba saiti, da wanda ke gaba da wani. Na farko Hashtable ɗin da aka miƙa wa InitialContext, sai saitin JVM da ake sawa da System.setProperty ko -D, sai duk fayil mai suna jndi.properties da ke kan classpath. Ga java.naming.factory.initial, wato sunan masana'antar da ke samar da rijistar sunaye, wanda aka fara samu shi ke ci. Amma java.naming.factory.url.pkgs haɗawa ake yi: a ɗauki na Hashtable, ko na saitin JVM in babu shi, a haɗa da na dukan fayilolin jndi.properties, a jera su da alamar ɗigo biyu a tsakani. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin sunan da ya fara da java: ba ya zuwa kai tsaye wurin masana'antar da kuka saita. Java tana fara dubawa ko cikin waccan jerin akwai mai kula da java:, idan ta samu shi za ta ba, sai in babu ta dawo gare ku. Wani laburare da ya shigo da nasa jndi.properties a ɓoye cikin jar yana iya ƙwace neman ba ku sani ba. Idan kun ɗaure suna, wato kun sa shi a rijista da bind, kuma ana ce muku NameNotFoundException, ku buga abin da ctx.getEnvironment() ya dawo da shi ku ga saitin da ke aiki da gaske.

Fayil ɗin jndi.properties na gwaji a src/test/resources yake zama. Idan kuka sa shi a src/main/resources, Maven zai naɗe shi cikin WAR, wato ƙunshin manhajar, ya tafi da shi uwar garke, can ya iya rikita neman sunan manhaja ta gaskiya. Gwaji duk ya wuce, manhaja ta ƙi tashi a wurin mai aiki.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku rubuta naku ajin da ke cika InitialContextFactory. Umarni ɗaya gare shi, getInitialContext, sai ya dawo da Context na bogi da Mockito, laburaren ƙera abubuwan bogi don gwaji, ya ƙera. Dole ajin ya zama public, da magini public marar karɓar komai, domin da suna Java ke ɗaukarsa, in ba haka ba za ta ce Cannot instantiate class. Tarko biyu ke nan. Na ɗaya, wasu suna neman cikakken suna a layi ɗaya, wasu kuma sai su fara neman java:comp/env, su mayar da shi Context, sannan su nemi jdbc/albasa a cikinsa. Bogin da aka koya wa salo ɗaya bai san ɗayan ba. Na biyu ya fi muni: idan aka tambayi Mockito sunan da ba a koya masa ba, null yake bayarwa, alhali uwar garke ta gaskiya NameNotFoundException take jefawa. Ke nan kod ɗin da kuka rubuta don ranar da suna ya ɓata bai taɓa shiga gwaji ba. Ku koya wa bogin ya jefa wannan kuskure ga duk sunan da bai sani ba.

Idan sunayen suna da yawa, na fi son rijista ta gaskiya mai zama a ƙwaƙwalwa. Ta Tomcat tana cikin tomcat-catalina: ku sa org.apache.naming.java.javaURLContextFactory a matsayin masana'anta, org.apache.naming kuma a url.pkgs. Ba ta ƙirƙiro matakan suna da kanta, sai kun kira createSubcontext ɗaya bayan ɗaya, java: da java:comp da java:comp/env da java:comp/env/jdbc, sannan ku ɗaure DataSource. Akwai kuma laburaren Simple-JNDI. Za ku ci karo da tsofaffin darussa masu koyar da SimpleNamingContextBuilder na Spring. An daina ba da shawararsa tun 5.2, an cire shi a 6.0, kada ku gina sabon aiki a kansa. Haka nan, ko da Jakarta EE 9 ta sauya javax zuwa jakarta a 2020, javax.naming da javax.sql suna nan yadda suke, domin na Java SE ne. Kada ku bi su da sauyin suna.

Abin da za ku ɗaure kuwa, JdbcDataSource na H2, ƙaramin rumbun bayanai da ke iya zama a ƙwaƙwalwa, ya isa, da adireshi jdbc:h2:mem:gwaji;DB_CLOSE_DELAY=-1. In kuka bar wannan jela ta ƙarshe, da an rufe haɗi na ƙarshe rumbun ya goge, teburan da kuka gina a farkon gwaji su ɓace.

Yanzu ga wurin da ya fi wahalar ganewa. Duk wannan saiti na JVM ne gaba ɗaya, ba na gwaji ɗaya ba, kuma Surefire, mai kunna gwaji a Maven, in ba a sauya masa ba, JVM ɗaya yake amfani da shi ga dukan azuzuwan gwaji. Shi ya sa za ku ga gwaji ya wuce idan aka kunna shi shi kaɗai, ya faɗi idan aka kunna duka, ko akasin haka. Rijistar Tomcat tana zama a wuri static, don haka bind na biyu a kan suna ɗaya zai jefa NameAlreadyBoundException. Ku yi amfani da rebind, ku kuma kwance sunayen a @AfterEach. Duk abin da kuka sa da System.setProperty, ku ajiye tsohon ku mayar, ko ku share da clearProperty. NamingManager.setInitialContextFactoryBuilder sau ɗaya tak ake kiransa a rayuwar JVM, na biyu IllegalStateException ne, kuma babu hanyar cire shi a fili. Da an kafa shi ya danne jndi.properties ɗinku. Ku fara tambayar hasInitialContextFactoryBuilder, ko ma ku guje shi. Sannan ku leƙa tsohon kod ko akwai ajin da ke ajiye abin da ya nemo a cikin Map static, domin zai ci gaba da miƙa wa gwaji na goma DataSource ɗin gwaji na farko. Idan abin ya gagara, reuseForks=false zai ba kowane aji sabon JVM, sai dai gwajin zai yi nauyi, kuma a kwamfuta mai ƙwaƙwalwa gigabait 4 da batirin da ke jiran a kawo wuta, za ku ji shi a jikinku.

Wani abu a gefe, tunda muna kan JNDI: kada ku taɓa barin sunan da za a nema ya fito daga abin da mai amfani ya rubuta. Ta wannan ƙofa ce ramin tsaro na laburaren Log4j ya buɗe a Disamba 2021.

Ku sani kuma rijistar wucin gadi ba ta tabbatar da cewa sunan daidai yake a uwar garke, tunda ku kuka rubuta shi a ɓangarorin biyu. Harafi ɗaya ya bambanta da abin da ke cikin context.xml ko web.xml, gwaji zai wuce manhaja ta faɗi. Saboda haka ku ajiye gwaji ɗaya ko biyu masu tayar da uwar garke ta gaskiya, da Arquillian ko EJBContainer.createEJBContainer() na EJB 3.1, su nemi kowane suna, har da irin java:global da Java EE 6 ta kawo a 2009. Ku sa sunayen waɗannan azuzuwan su ƙare da IT, Failsafe na Maven ya riƙa kunna su a mvn verify, ƙananan kuma su zauna a mvn test. Ranar da kuka samu intanet mai kyau ku kunna mvn verify sau ɗaya don duk laburaren su sauka cikin foldar .m2, daga nan mvn -o ya ishe ku.