Ranar da Alhaji ya ce a sayo masa fili a metabas

A ƙarshen 2021 wani Alhaji mai dillancin shadda a Kantin Kwari ya kira ni bayan la'asar, ya ce in same shi a shago. Na ɗauka sabon kaya ne ya sauka za mu yi hoto, don sana'armu ke nan. Mu huɗu ne a ɗan ofishinmu, muna ɗaukar hoto da bidiyo, mu tsara kalaman talla, mu riƙe wa 'yan kasuwa shafukansu na intanet. Ina zama sai ya miƙo mini waya. Ɗansa da ke karatu a waje ne ya turo masa labarin an sayi fili a wata duniyar kwamfuta mai suna Decentraland a kan kusan dala miliyan 2.4. Ya ce, "Malam, a nemo mana namu kafin a rabe." Na ce, "Alhaji, filin nan fa ko akuya ba za a ɗaure a cikinsa ba." Ya yi dariya, amma da gaske yake.

Ban ga laifinsa ba, don a lokacin kan manyan kamfanoni ma ya ɗau zafi. A watan Oktoba na shekarar kamfanin Facebook ya koma Meta, saboda ya sa rai nan gaba a metabas mutane za su riƙa haɗuwa, wato duniyar da za ka shiga da mutum-mutuminka ka yi yawo, ka yi hira, ka yi ciniki. Kafin nan, a dandalin wasan Roblox, an sayar da hoton jakar Gucci a kan sama da dala 4,000, kuɗin da ya ɗara na jakar gaske da mace za ta rataya. A Disamba kuma Nike ya saye RTFKT, masu zana takalman da ba a sa wa a ƙafa.

Abu biyu ake cakuɗawa, kuma sai da na rabe wa Alhaji su. Metabas wuri ne. Web3 kuwa tsarin ajiye shaida ne. Na ce masa ya ɗauka littafin bashin shagonsa ne aka kwafe shi a hannun mutum dubu, duk abin da aka rubuta sai ya bayyana a kowane kwafi, babu wanda zai keɓe ya goge. Wannan shi ne bulokcen. NFT kuma rasit ne a cikin littafin, mai cewa abu kaza na wane ne. Nan take ya gane, don ɗan kasuwa ba a koya masa darajar rasit.

Ba mu sayi filin ba. Na tambaye shi ko a cikin matan da ke sarin shaddarsa daga Zinder da Maraɗi akwai wadda ya taɓa ji ta ce ta shiga can. Ya yi shiru. Ai ba a kafa rumfa inda ba a cin kasuwa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Starbucks, kamfanin shagunan kofi, ya buɗe shirin lada na NFT ga kwastomominsa a ƙarshen 2022, ya rufe shi a Maris 2024. Nike ya sanar da naɗe tabarmar RTFKT a Disamba 2024. Sashen Meta mai aikin metabas ya yi asarar sama da dala biliyan 13 a 2022 kaɗai. Wanda ya tsaya da ƙafarsa shi ne irin Roblox, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: yara na can tuntuni suna wasa, tallar ce ta bi su, ba su suka bi talla ba.

Mu a nan, Web3 ba ta madubin da ake sawa a fuska don shiga metabas ya shigo mana ba, ta mainin ya shigo, wato tara kuɗin intanet na kirifto ta waya. Wanda ya zauna a Kano a 2024 ya ga yadda matasa da matan aure har da dattawa suka duƙufa dangwalar waya, daga Pi zuwa Notcoin zuwa Hamster Kombat. Da aka fashe Hamster a Satumba, wato aka fara biyan masu dangwala, da yawa abin da suka samu ko kuɗin datarsu bai mayar ba. Amma an koyi buɗe asusun kirifto, an koyi ɓoye kalmomin sirri, abin da da kuɗi ma da wuya ka koya wa jama'a. A tsakiyar wannan zazzaɓi wani mai kayan shayi ya zo ya ce mu ƙirƙira masa koyin, wato kuɗin kirifto, da sunan kamfaninsa, a riƙa raba wa masu saye. Na ƙi. Ranar da koyin ya faɗi, ba za a ce kasuwa ce ta juya ba, za a ce mai shayi ya cuci mutane, kuma sunan da ya yi shekaru yana ginawa shi zai biya. Ga kuma doka da ke sauyawa: a Fabrairu 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, sai a Disamba 2023 ya sassauta.

Duk da haka akwai magana ɗaya a bakin masu Web3 da na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma wata Hajiya mai turaren wuta da humra ce ta sa na yarda. Shekaru ta yi tana tara mabiya a wani dandali, duk odarta ta nan take shigowa. Wata safiya ta tashi an rufe shafin, ba bayani, ba ofishin da za ta je ta kai kuka. Ta kira ni muryarta na rawa, "Ɗana, kwastomomina fa?" Ba ta da lambar ko kashi ɗaya cikin goma nasu. Ashe duk shekarun nan a rumfar haya take, mai rumfa kuma ya sa kwaɗo ya tafi da makulli. Masu kasuwanci a Twitter sun ɗanɗana irin wannan lokacin da gwamnati ta dakatar da shi daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Alkawarin Web3 shi ne sunanka da mabiyanka su zama mallakarka, ka kwashe su ka koma duk inda ka ga dama. Alkawarin bai cika ba tukuna, don dandamalin da aka gina a kan wannan tsari ba su tara jama'ar da mai turare ke nema ba. Amma ciwon da suka nuna na gaske ne.

Saboda haka muka sauya yadda muke aiki. Duk wanda muka karɓi tallarsa, sharaɗin farko shi ne ya buɗe kundin kwastomomi, suna da lamba da gari, da izininsu, a ajiye shi a wurin da ke hannunsa. Hajiya kuma, da yake ana kwaikwayon kwalbarta, mun buga mata lambar da ake haskawa da waya a jikin kowace kwalba. Wani yaronmu ya dage sai mun ɗora lambobin a bulokcen. Muka zauna muka yi lissafi, muka ga ƙaramin shafi nata na kanta ya wadatar a yanzu. Bulokcen ba ya shinshina turare. In aka shigar da ƙarya a ciki, ƙaryar zai tsare da amana. Ranar da ta fara aika kaya Jidda ko Dubai ta hannun dillalai uku huɗu da ba su yarda da juna ba, za mu sake duba maganar, don a irin nan ne littafin da ba mai iya gogewa ke da rana.

Kuɗin da Alhaji ya ware wa fili kuwa, fitilu muka sayo da su da kyamara mai kyau, saboda ƙyallin shadda ba ya fita a hoton da aka ɗauka cikin duhun shago. Har yanzu in na shiga layinsu yakan ɗaga murya ya ce, "Ga wanda ya hana ni zama mai unguwa a metabas!" Sai ya sa yaro ya kawo mini kujera da ruwan sanyi, ya zaro sabon yadi ya ce a ɗauka kafin rana ta juya.