Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: "Ranka Ya Daɗe, Dukana Aka Yi"

Masu bibiyar wannan tarihi, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun kwana a kan yadda na shiga aikin koyar da haƙƙin ɗan Adam ga alƙalai, masu gabatar da ƙara da lauyoyi. Yau zan tsaya kan darasin da ya fi tayar da jijiyoyin wuya a wajen bita, wato takardar amsa laifi.

Ba a fara shi da karatun doka. Ana ba mahalarta fayil ɗin gwaji mai takardu uku: amsa laifin da aka sa wa hannu, rajistar tsarewa, da rahoton likita. Sai a musanya musu kujeru, alƙali ya koma lauyan kariya, mai gabatar da ƙara ya hau kujerar alƙali. Wanda ke matsayin wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, dukana aka yi na sa hannu."

Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ina hujjarka?" A nan ake tuntuɓe. Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace a 2007 cewa hukuma ce za ta tabbatar mutum ya yi bayanin bisa raɗin kansa. Wanda aka kulle shi kaɗai, ina zai samo shaida? Sashe na 15 na Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 kuma ya hana karɓar bayanin da aka tatsa da azaba, sai dai a shari'ar wanda ake zargi da azabtarwar. Don haka a jingine asalin ƙarar, a warware wannan tukuna: wa ya rubuta, da wane harshe, akwai lauya a wurin? A gwada lokacin kamu da lokacin sa hannu. Ƙa'idojin Habana na 1990, wato na Majalisar Ɗinkin Duniya kan aikin lauyoyi, sun ce ganin lauya kada ya wuce awa 48 daga kamu.

Rahoton likita shi ne inda nake daɗewa, domin nan ake yaudarar masu ilimi. Layi ɗaya ne a fayil ɗin: "Ba a ga rauni ba." Da yawa sai su rufe magana. Alhali ƙujewa da kumburi kan ɓace cikin 'yan makonni, kuma shaƙewa da leda ko hana barci sau da yawa ba sa barin tabo. Dukan tafin ƙafa ma wani lokaci a tafiyar mutum ake gane shi. Ƙa'idar Istambul ta 1999, wato jagoran Majalisar Ɗinkin Duniya kan binciken azabtarwa, ta ba likita matakai biyar na auna rauni da labarin mai shi, daga "bai dace ba" har zuwa "babu abin da zai jawo wannan sai abin da ya faɗa", ta kuma nanata cewa rashin tabo ba ya kore azaba. Tambayoyi biyu nake so kowa ya haddace: kwana nawa tsakanin dukan da dubawar, kuma jami'in tsaro yana cikin ɗakin lokacin da likita ke dubawa? In yana ciki, bakin mara lafiya a ɗaure yake.

Masu gabatar da ƙara sukan ɗauka ba ruwansu. Ƙa'ida ta 16 cikin jagororin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan aikinsu ta ɗora musu ƙin amfani da irin wannan shaida da kuma neman a gurfanar da masu azabtarwar.

Wani abu da masu shirya bita ke sakaci da shi: kada a haɗa ƙaramin alƙali da babbansa a rukuni ɗaya. Da zarar babba ya yi magana, ƙarami ya yi gum, darasin ya mutu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun beli da tsarewa kafin shari'a.