Ya bushe, amma bai ƙosa ba

A wani tsohon gida a Ikoyi, irin ginin zamanin Turawa, na fara gane cewa bushewa daban, ƙosawa daban. Lokacin ina yaron aiki a hannun wani dattijo Bayarabe, shi ya koya mini sana'ar gyaran daɓen katako. Mai gidan kuwa Alhaji ne Bakano da ya daɗe yana kasuwanci a Legas, yana shirin aurar da 'yarsa. Daɓen falon na katakon loko ne, wanda masu katako a Legas ke kira iroko, an jera shi ƙanana-ƙanana kamar saƙar tabarma. Kwana huɗu muka yi muna bin sa da inji. Mun fara da samfefa mai kaushi lamba 40, muka koma 60, muka koma 80, har zuwa 120, sai da dattin shekaru ya tafi katakon ya fito fes, kalar zuma. Daga nan muka shafa masa banish mai mai, wanda ake kira foliyuretan, shafi uku.

Washegarin shafin ƙarshe Alhaji ya leƙo, ya duƙa ya taɓa da yatsa, bai ji danƙo ba. Da yake ni ne mai jin Hausa, ni ya tambaya.

"Yaro, ai ya bushe ko?"

Na ce, "Ya bushe, ranka ya daɗe."

Ban yi ƙarya ba, amma rabin magana na faɗa. Maigidana ya ce a jira wata guda kafin a shimfiɗa komai, ni kuma da na zo fassarawa sai na ji nauyin faɗa wa babban mutum ya bar falonsa tsirara ana gab da biki, na sassauta maganar. Kwana biyar bayan nan aka shimfiɗa ƙaton kafet mai ƙasan roba, aka jera kujeru a kai. Da aka watse aka ɗaga kafet, zanen ƙasansa ya zauna daram a jikin daɓen kamar an buga hatimi, duk inda ƙafar kujera ta tsaya kuma ya loɓa. Tsumma ba ya cire wannan. Sai da muka dawo da inji.

Dattijon nan bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni ne kawai ko na taɓa ganin magini ya ɗora kaya a kan rufin simintin da aka zuba jiya. Siminti yana sandarewa a kwana ɗaya, amma kowane magini ya san sai kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Banish ma haka yake. Abin da ke tashi da wuri shi ne sinadarin da aka tsinka shi da shi, wannan mai warin da ke hawa kai. Taurin kuwa a hankali yake zuwa, yana shan iska yana ƙara ƙarfi, kuma mai mai yakan ɗauki kusan kwana 30. Wanda ake haɗawa da ruwa ya fi sauri, mako ɗaya zuwa biyu. In ka rufe shi da kafet ka toshe masa iska, sai ya zauna da laushinsa a ƙasa. A Legas kuma abin ya fi haka ja, domin a watan Yuni laimar iska takan haura kashi 80 cikin ɗari, ko wanki ka shanya ya kwana bai bushe ba, balle banish. Shi ya sa yanzu nake faɗa ba kwana-kwana: bayan awa 24 a taka da safa, bayan kwana huɗu a shigo da kujeru a ɗauke, ba a ja ba, kafet sai wata ya cika. Ko sallaya ce, a shimfiɗa a yi salla a naɗe.

Sai dai darasin da ya fi tsaya mini a rai ban same shi a gidan nan ba, a hankali ya taru. Na daɗe ina zaunar da masu gida ina yi musu bayani, su gyaɗa kai, su biya kuɗi, bayan wata shida a kira ni daɓe ya dusashe. Sai na lura cewa wanda nake wa bayanin bai taɓa riƙe mofa ba. Mai riƙe da ita yarinyar gida ce ko yaron gida, kuma ba wanda ya gaya musu komai. Abin da suka sani shi ne tayil da siminti: bokiti cike da ruwa, omo, Hypo, wani lokaci har da ɗan kananzir don ƙyalli. A wurinsu wannan ita ce tsafta, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan.

Katako kuwa ko an sare shi shekara hamsin bai daina shan ruwa ba. Banish ya rufe samansa, amma tsakanin falanki da falanki akwai ɗan tsagi, ta nan ruwan ke sulalewa. Gefuna su kumbura su ɗago, tsakiya ta zama kamar kwale-kwale, baƙin tabo ya biyo baya. Ruwan ma ba na mofa kaɗai ba ne. Akwai na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga, akwai tukunyar fure, akwai tagar da aka manta a buɗe hadari ya taso daga teku. A gidajenmu na Musulmi akwai ƙafar alwala sau biyar a rana daga banɗaki zuwa falo, shi ya sa nake roƙon a ajiye tawul mai kauri a bakin ƙofar.

Bayan ruwa sai yashi. Wanda ya san Lekki ya san yashi ba ya rabuwa da takalmi, kuma yashi a ƙarƙashin tafin ƙafa samfefa ne. Al'adarmu ta tuɓe takalmi a ƙofa ta fi kowane magani da ake sayarwa a gwangwani. Maganin ƙyallin nan ma ina hana shi, don kakin da ke ciki yana hana sabon banish kamawa ranar da za a ƙara shafi, dole sai an kankare har katako. Kowace kankara kuma tana cin kusan milimita guda, ba a yin ta sau da yawa kafin kan ƙusa ya leƙo.

In hunturu ya shigo wajen Janairu ana yawan kira na wai daɓe ya tsattsage. Katakon ne ya tsuke don iska ta bushe, kuma ina cewa kada a cusa komai a tsagin, damina na dawowa zai haɗe da kansa.

Makon jiya mun gama wani aiki a Ikeja. Kafin mu loda inji na ce, "Hajiya, don Allah wa ke share falon nan?" Ta kira wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha takwas ba. Na ba ta tsintsiya mai laushi, na jiƙa tsumma na matse shi a gabanta har ya daina ɗiga, na sa ta taɓa ta ji, sannan ta matse nata na duba. Na rubuta ranar da wata zai cika a takarda na manna a jikin ƙofa.

Ta daɗe tana kallon daɓen, sannan ta ce, "Kawu, to in shayi ya zube fa?"

Na ce, "Ki goge nan take da busasshen tsumma, ƙanwata, kada ki jira sai kin gama abin da kike yi."

Hajiya ta ce a kawo mata tsumma ita ma ta gwada matsewa.